Igiya Uku da Takobin Fareti: Matsayin Mace Saje a Aikin Soja

Wannan sharhi ya shafi takobin da wasu sojoji kan rataya ko su zare a filin fareti yayin bukukuwan girmamawa, da kuma matsayin matan da suka kai muƙamin saje dangane da wannan takobi. Mutanen Kafin Hausa, kamar sauran jama'ar masarautar Haɗeja, ba baƙin takobi ba ne, domin duk shekara suna ganin sa a jikin hakimai da barade ranar hawan salla, an rataye shi da hamila, wato igiyar ado da ake sagalawa a kafaɗa, ana zare shi daga kube ana jinjina wa sarki. Abin da bai zama jiki ba tukuna a wannan yanki shi ne ganin mace cikin kaki, da igiya uku a hannun rigarta, tana ba da umarni da murya mai ƙarfi, maza da mata suna bi ba tare da gardama ba. Saboda haka idan talabijin ta nuno mace soja riƙe da takobi a faretin ranar 1 ga Oktoba, mai kallo kan ɗauka cewa duk macen da ta ɗan yi nisa a soja ana ba ta irinsa, alhali al'amarin yana da ƙa'ida, ƙa'idar kuma tana da dogon tarihi.

Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya, kamar ta Ingila wadda daga gare ta aka gaji tsarin, ta kasu gida biyu. Akwai hafsoshi, waɗanda ake ba takardar naɗi da sunan shugaban ƙasa, suna farawa daga mai anini ɗaya a kafaɗa har zuwa janar. Akwai kuma sojojin sahu, waɗanda kan shiga a matsayin kurtu, su fito farabiti, sannan su hau las kofur mai igiya ɗaya, da kofur mai igiya biyu, da saje mai igiya uku, da sitaf saje, har zuwa matakan samanja. Saje shi ne mataimakin ƙaramin hafsan da ke jagorantar rukunin da ya kai kimanin mutum 30, kuma sau da yawa ya girmi hafsan nasa da shekaru, ya kuma fi shi daɗewa a bariki. Shi ke sanin wanda bai ci abinci ba, da wanda takalminsa ya yage, da wanda bindigarsa ba ta sha mai ba, da wanda hankalinsa ya koma gida saboda rashin lafiyar mahaifiya. Hafsa kan yanke shawarar inda za a dosa, amma saje ne ke tabbatar da cewa mutanen sun isa wurin da harsashinsu da ruwan shansu, kuma wannan ne ya sa masana harkar soja a ko'ina suke ɗaukar wannan muƙami a matsayin ginshiƙin runduna.

A al'adar da aka gada daga Ingila, takobi alamar hafsa ce. Irin wanda hafsoshin sojan ƙafa kan riƙa a yau an tsara siffarsa ne a 1897, miƙaƙƙe ne, mai tsini, tsawon ruwansa ya ɗan haura santimita 80, an yi shi don suka fiye da sara, kuma ƙotarsa tana da garkuwar ƙarfe mai ado da ke kare yatsu. Gaisuwar da ake yi da shi tana da matakai: a ɗaga ƙotar zuwa daidai fuska, sannan a sauke tsinin ya dubi ƙasa, abin da ke nuna cewa mai makamin ya saukar da shi a gaban wanda ya fi shi daraja. Saje kuwa, a tsohon tsarin Ingila, doguwar sanda mai kan gatari da tsini yake riƙewa, daga baya aka mayar da ita mashi, kuma babban amfaninta shi ne daidaita sahu da tare wanda ya nemi ja da baya, har zuwa 1830 lokacin da aka daina amfani da ita aka bar shi da bindiga kamar mutanensa. A 1813 aka ƙirƙiro muƙamin sajen tuta, wanda aikinsa shi ne tsare tutar rundunar, kuma har gobe idan an fito da tuta a fareti, ƙaramin hafsa ne ke ɗauke da ita, manyan sajoji na rakiya da bindigogi masu banati a baki. Babban samanjan bataliya yana rataya takobi a manyan bukukuwa, amma abin da aka fi sanin sa da shi sandar auna taku ce, kuma a faretin tuta na shekara-shekara da ake yi a Landan cikin watan Yuni ne kawai aka san shi da zare takobin, sa'ad da zai karɓi tutar ya miƙa wa hafsa.

Ga mutumin wannan yanki, ranar da takobi ya tashi daga makamin yaƙi ya koma kayan ado tana da kwanan wata. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Turawa suka afka wa Haɗeja da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu da manyan jarumansa suka fito da takubba da masu suka tare su, aka kashe sarkin tare da jama'a masu yawa, abin da ya sa har yau ake kiran sa Mai Shahada. Yawancin waɗanda suka harba bindigogin a ranar baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa, a ƙarƙashin kofurori da sajoji 'yan ƙasa, hafsoshi Turawa kuma na ba da umarni daga sama. Asalin wannan runduna yana komawa ga ƙaramar ƙungiyar da John Glover ya haɗa a Ikko a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, da kuma rundunar iyakar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugard alhakin kafawa a 1897, wadda Hausa ta zama harshen barikinta. Shekaru da dama bayan haka, iyakar abin da ɗan ƙasa zai kai shi ne samanja, komai jarumtarsa. Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a wurin Jamusawa a Kamaru, sannan ya koma wurin Ingilishi ya yi yaƙi a Gabashin Afirka da Habasha da ƙasar Bama, a matsayin babban samanja ya ƙare aikinsa, sai da ya zo ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa, kuma barikin Lakwaja na ɗauke da sunansa a yau. Ba a naɗa ɗan Najeriya hafsa ba sai a 1948. Ke nan takobin fareti ya daɗe yana nuna iyakar da ke tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, kafin ya zama iyakar da ke tsakanin ɗan ƙasa da ɗan ƙasa.

Shigowar mata ta bi wata hanya ta daban, domin ta ƙofar asibiti suka shigo, kuma da yawansu kai tsaye a matsayin hafsoshi. Josephine Tolefe, ma'aikaciyar jinya, ita ce mace ta farko da aka naɗa hafsa a sojan ƙasa a 1961. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama mace ta farko mai muƙamin manjo janar a 1994. Itunu Hotonu ta kai irin wannan mataki a sojan ruwa a 2012. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ba ta karɓi mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi na dindindin ba sai a 2011, lokacin da aka ɗauki 'yan mata 20, sannan a 2018 aka kafa sashen mata na musamman a rundunar sojan ƙasa, zamanin Laftana Janar Tukur Buratai. Ma'anar wannan jerin shekaru ita ce mace a Najeriya ta sami ikon rataya takobi tun da wuri, ta hanyar takardar shaidar jinya ko likitanci, amma an daɗe kafin a saba ganin ta a tsakiyar filin horo tana koya wa kurata harbi da taku. Sunayen matan da suka fara kai manyan muƙamai suna cikin littattafai da jaridu, na waɗanda suka fara ɗaura igiya uku kuwa ba a damu da yayata su ba, kuma wannan rashi ne babba, tunda su ne suka yi aikin da ya fi wuya, wato sa namiji ɗan shekara 19 ya karɓi umarnin mace ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

Ba ko'ina ne aka hana saje takobi ba. Sojojin kundumbala na ruwa na Amurka suna da takobi na musamman ga kofurori da sajoji tun 1859, dabam da na hafsoshinsu, wanda shi kuma lanƙwasasshe ne irin na Mamalik ɗin Masar, ana danganta shi da yaƙin Darna na ƙasar Libiya a 1805. Mace ta farko, Opha May Johnson, ta shiga wannan runduna a 1918, kuma a yau matan da ke horar da kurata a can suna zare takobin saje a faretin yaye ɗalibansu kamar yadda takwarorinsu maza ke yi, domin muƙami ne ke ba da shi. Amurka ta sanar da buɗe dukkan ayyukan yaƙi ga mata a ƙarshen 2015, Ingila ta bi sahu a 2018. Wannan ya nuna cewa ba wa saje takobi ko hana shi al'ada ce ta kowace runduna, wadda tarihi ya gina kuma hukuma na iya sauyawa, kuma idan Najeriya ta ga dama wata rana ta ƙera wa manyan sajojinta takobi na kansu, maƙera da dukawan ƙasar Hausa sun fi kowa sanin yadda ake yin miƙaƙƙen takobi da kubensa na jar fata.

Ƙasar Hausa ba ta rasa labarin mace da makami ba. A Daura, inda jerin sarakunan farko mata ne, ana ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. A Katsina, Gajere, takobin Korau, yana cikin kayan sarauta. Amina ta Zazzau kuwa da takobi a hannu ake zana ta a ko'ina, ganuwoyi da dama kuma suna amsa sunanta. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar ta yanzu, ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a lokacin da garuruwa da yawa suka miƙa wuya. Malamai ma sun san tarihin Nusaiba 'yar Ka'abu, Ummu Ammara, wadda ta fita ranar Uhudu don shayar da ruwa, sai da al'amari ya rikice ta ɗauki takobi ta kare Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har ta sami raunuka. To amma Amina da Mangu sarauniyoyi ne, matsayinsu na janar ne, kuma duk wanda ke neman kakar mace saje a tarihin wannan ƙasa zai fi samun ta a wani wuri.

Wurin kuwa shi ne tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa don karantar da matan karkara. Kowace ƙungiya tana da jagora da ake kira jaji, dattijuwa mai amana wadda ke haɗa 'yan mata da tsofaffi daga ƙauye, ta bi da su ta daji zuwa wurin malamar, ta kula da guzurinsu da tsaronsu da tarbiyyarsu a hanya, ta karɓo karatu ta koma ta isar da shi ga matan auren da ba su iya fitowa ba. Ana naɗa jaji da malfa da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a kanta, kuma wannan alama ce ke sa a buɗe mata hanya a kuma saurari maganarta. Jaji ba ita ta rubuta darasin ba, kamar yadda saje ba shi ke tsara yaƙi ba; amma ba don ita ba, da ilmin ya tsaya a gidan malamar bai kai ko'ina ba. Haka ma jakadiya a fada, wadda ke shiga inda dogari ba ya shiga, ta kai saƙon sarki cikin gida ta fito da amsa. Al'ummar da ta yarda da waɗannan muƙamai tun fiye da shekara 150 da suka wuce ba ta da hujjar cewa mace mai riƙe da amanar ƙaramin rukuni, mai alamar muƙami a jikinta, baƙuwar aba ce da Turawa suka kawo.

Buƙatar mace saje a Arewa ta fito fili ne ta hanya mai ciwo. A watan Yuni na 2014 aka fara samun mace 'yar ƙunar baƙin wake a ƙofar barikin soja a Gombe, a watan Yuli kuma aka yi ta samun irin haka a Kano, inda aka riƙa ɗaura wa 'yan mata bam a ƙarƙashin hijabi. Daga nan shingen bincike ya shiga tsaka mai wuya: idan soja namiji ya laluba jikin matar aure, an keta mutuncin da addini da al'ada suka tsare, jama'a kuma su tsani rundunar da ta zo kare su; idan ya ƙyale ta ta wuce, yana iya zama sanadin mutuwar kasuwa guda. Mace soja ce kaɗai ke warware wannan, kuma mace farabiti ita kaɗai a tsakiyar maza ba ta isa ba, sai da babba mai igiya wadda za ta tsara aikin, ta tsawata idan an wuce gona da iri, maganarta kuma ta yi nauyi a gaban hafsa. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da 110 a Dapchi ta jihar Yobe, maƙwabciyar Jigawa, a 2018, sojoji sun kuɓutar da mata da yara masu ɗimbin yawa daga daji, waɗanda da yawansu ba za su iya faɗa wa namiji abin da ya same su ba, ko da likita ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wannan gaskiya a ƙudurinta mai lamba 1325 na shekarar 2000, kuma ta sa burin cewa zuwa 2028 mata su kai kashi 15 cikin 100 na rundunonin kiyaye zaman lafiya. Macen da za ta yi wannan aiki a ƙauyukan Arewa sai mai jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, wadda ta san yadda ake sallama a zaure da yadda ake magana da mai takaba, kuma irin wannan ba a koyon sa cikin wata shida na horo.

Damuwar iyaye a Kafin Hausa da Bulangu da Auyo da Jahun ba ta wasa ba ce, kuma bai kamata a yi mata kallon jahilci ba. Uba yana tambayar suturar da 'yarsa za ta sa, da inda za ta kwana, da wanda zai tsaya mata idan wani na sama da ita ya neme ta da lalata, da kuma makomar aurenta, tunda dokokin aikin suna ƙayyade lokacin da sabon soja zai yi kafin a ba shi izinin aure, kuma canjin wurin aiki na iya raba mace da mijinta da 'ya'yanta. Rundunonin Najeriya sun ƙaddamar da manufar daidaita jinsi a 2021, amma takarda ba ta kwana a ɗakin kurata. Wadda ke kwana kusa da su ita ce saje, kuma duk waɗannan tambayoyi na iyaye amsarsu tana komawa ga yawan mata nagari da ke kan wannan muƙami, domin yarinyar da aka zalunta ba za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kanar ba, amma za ta iya yi wa mai igiya uku raɗa. Batun sutura kuwa ya cancanci hukumomin soja su zauna da malamai su yi masa matsaya bayyananniya, maimakon a bar kowace yarinya Musulma ta yi ta fama da shi ita kaɗai.

Hanyar shiga a buɗe take, kuma ba a sayen ta da kuɗi. Ana ɗaukar kurata ta intanet, kowace jiha da kasonta bisa ƙa'idar raba daidai, ana neman takardar gama sakandare da shekaru 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a ta musamman, sannan a yi horo na kimanin wata 6 a makarantar kurata irin ta Zariya, wadda ke aiki tun 1924. Daga nan igiya kan zo ɗaya bayan ɗaya, da shekarun aiki da kwasa-kwasai da jarrabawar ƙarin girma. Sajen da ta yi haƙuri tana iya kai samanja, tana kuma iya tsallakawa zuwa sahun hafsoshi ta hanyar naɗin da aka keɓe wa tsofaffin sojojin sahu, kuma a nan ne takobin kan zo hannunta bisa ƙa'ida. Ɗalibar da ta gama Jami'ar Sule Lamiɗo da ke nan Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, tana da tata ƙofar ta gajeren kwas na hafsoshi masu digiri.

Abin da ya rage shi ne bayani ya isa gidaje daga bakin da za a gaskata. Ya dace rundunar sojan ƙasa ta riƙa turo mata sajoji masu jin Hausa, cikin kakinsu, zuwa makarantun sakandaren 'yan mata na Jigawa kafin kowace ɗaukar kurata, su zauna da ɗalibai da iyayensu mata su amsa tambayoyin sutura da masauki da aure ba tare da ɓoye wahalar aikin ba. Ya kuma dace gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma da hakimai da limamai su shirya wannan zama, su sanar da ranar buɗe rajista a masallatai da gidajen rediyo, domin uban da zai hana 'yarsa ya hana ta bisa sani, wanda zai bar ta kuma ya san hannun da zai damƙa ta.